Sega, Nintendo ko PC Engine: wacce za ka saya idan kiɗan metal kake nema?

Da yawa daga cikinmu ba mu san sunan kiɗan ba a lokacin. Muna dai buga Sega a shagon gem na unguwa, jitar lantarki na gurnani a bayan harbe-harbe, ganga na gudu kamar doki ya ƙwace. Sai da muka girma muka gane cewa kiɗan metal ne mawaƙan wasannin Japan na shekarun 1990 suke kwaikwaya. In saboda wannan sautin kake neman na'ura yau, ba kowacce ce za ta biya maka buƙata ba.

Ni dai Mega Drive ta kamfanin Sega na zaɓa, wadda a Amurka ake kira Genesis. Cip ɗin sautinta na Yamaha ne, YM2612, mai layin sauti shida, kuma ba muryar kayan kiɗa aka ɗauka aka zuba masa ba, shi ke ƙera sautin da kansa. Abin da ke fitowa yana da kaushi da amon ƙarfe, daidai da jitar da aka ƙure wa wuta. Duk mai shakka ya saurari Thunder Force IV na kamfanin Technosoft, wanda ya fito a 1992. Har yau tsigar jikina na tashi idan matakin farko ya buɗe.

Sai dai a nan ne ake yawan asarar kuɗi. Mega Drive ta gwanjo da ta fito daga Turai tana aiki ne a kan 50Hz (wato tana sabunta hoto sau 50 a daƙiƙa), ta Japan da Amurka kuwa 60Hz, don haka a wasanni da dama kiɗan yana rage gudu da kusan kashi 17 cikin ɗari. Metal mai jan ƙafa kuwa ba metal ba ne. Nemi samfurin farko, mai ramin iyafis da maɓallin ƙara murya a gaba. Sautinsa ya fi na wasu daga cikin samfuri na biyu tsabta. Ka kuma tuna cajar Japan da Amurka ba ta jure wutarmu ta 230, sai da taransifoma mai rage wuta. Jabun Sega na kasuwa masu ɗaruruwan wasanni a ciki kuwa, kada arha ta ja ka, wurin sauti suka fi kasawa.

Wanda ba ya son wahalar tsohon kaya ya duba Mega Drive Mini 2, ƙaramar da Sega ta fitar a 2022 da wasanni a cikinta. Da USB take aiki, ana haɗa ta da talabijin ta HDMI, kuma Thunder Force IV na ciki. Ba a ƙera ta da yawa ba, saboda haka ta yi tsada.

Super Nintendo tana da layin sauti takwas, amma gutsattsarin murya take maimaitawa, duk a cunkushe cikin 'yar ma'ajiya mai 64KB. Shi ya sa jitarta ke fitowa da laushi. Mega Man X na 1993 ya yi ƙoƙari ƙwarai, kuma yana cikin wasanni 21 na SNES Classic, ƙaramar Super Nintendo ta 2017. Idan kana son kiɗa iri-iri, zaɓi ne mai kyau. Idan gurnani kake nema, ba za ka ƙoshi ba.

PC Engine daban take. Wasanninta na faifan CD kiɗan situdiyo suke kunnawa, don haka jitar da ke cikin Lords of Thunder na 1993 jita ce ta gaske, hannun mutum ya kaɗa ta. Tsohuwar na'urar tana buƙatar ƙarin akwatin CD, wanda tsufa ke yawan kashe masa idon karanta faifai, kuma mai gyara yana da wuyar samu. Ƙaramar da Konami ta fitar a 2020 ta ɗauke wannan nauyin, wasan na cikinta. In kuɗin ɗaya kawai gare ka, fara da Sega, kuma kafin ka miƙa kuɗi ka sa mai kaya ya kunna maka, ka saurara da iyafis ɗinka.