Sayen gida ginanne ko sayen fili a Maraɗi: wanne ya fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi?

Duk magidancin da ya gaji da biyan haya a Maraɗi yana da hanyoyi biyu a gabansa, wato ya sayi gida ginanne, ko kuwa ya sayi fili ya riƙa ginawa sannu a hankali. Gida ginanne a unguwanni irin su Ali Ɗan Sofo da Zariya yana zuwa da famfo da wutar lantarki, kuma ranar da aka biya kuɗi ranar haya ta ƙare, sai dai ana son kuɗin ne a dunƙule, abin da ya fi ƙarfin yawancin ma'aikata da ƙananan ƴan kasuwa tun da tsadar abinci ta cinye rarar da suke ajiyewa. Bashin banki yana iya cike giɓin, amma yana neman albashi tabbatacce, ga kuma kuɗin ruwa da jama'a da dama ke ƙyama saboda addini.

A ganina fili ya fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi, domin kuɗin da aka mayar bulo da kwanon rufi ya tsira daga hauhawar farashi. Tun bayan takunkumin da ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka ta CEDEAO ta saka wa Nijar a 2023 da rufe iyakar Nijar da Najeriya ta Ɗan Isa, mutanen Maraɗi sun ga yadda kayan gini ke tashi cikin ƴan makonni, kuma ko da yake gwamnati ta rage farashin siminti a watan Oktoba na 2024, ƙarfe da katako da ladan magina suna nan da nauyinsu. Wajibi ne mai gini ya haɗa lissafinsa da hayar da zai ci gaba da biya, da kuɗin jawo ruwa da wuta idan filin yana bayan gari, domin nan ne arha kan koma tsada.

Abu biyu ne ba a sassauci a kansu. Na farko shi ne wuri: ambaliyar Gulbin Maraɗi ce ta 1945 ta sa aka tayar da garin zuwa kan tudu, kuma damunar 2024 ta sake rusa gidajen ƙasa masu yawa, saboda haka a je a duba fili a watan Agusta, lokacin da ruwa ke nuna hanyarsa. Na biyu shi ne takarda. Kada a miƙa ko dala bisa maganar dillali kaɗai. A kai takardar filin ofishin magajin gari a tabbatar da lambarsa da sunan mai shi, idan kuma na gado ne, a nemi amincewar dukkan magada a rubuce gaban shaidu.