Hular kwano mai fitila da takunkumin LED na DJ: shin sun cancanci kuɗinsu a bikinmu na Jidda da Makka?

Tun da aka fara taron kiɗa na Soundstorm a Riyad a ƙarshen 2019, sana'ar DJ ta samu wani kwarjini a Saudiyya, kuma matasanmu masu sa kiɗa a biki sun fara tunanin alamar da za a riƙa gane su da ita. Da yawa sun tsaya a kan rufe fuska. Kaya iri biyu ne suka cika kasuwannin intanet irin su Noon da Amazon da AliExpress: farar hular kwano mai kama da bokiti, kwaikwayon ta Marshmello, DJ ɗan Amurka, da takunkumin fuska mai allon ƙananan fitilu wanda ake sauya masa zane daga waya ta Bluetooth. Su za mu duba, da idon wanda zai tsaya bayan na'ura daga bayan isha'i har kusan asuba, ba na wanda zai ɗauki hoto ɗaya ya cire ba.

Hular kwanon ita ce ta fi ɗaukar ido, ita ce kuma ta fi wahalarwa. Jikinta roba ce, cikinta soso, idanun raga ce baƙa ko leda mai duhu. Matsalarta ta farko numfashi. Iskar da ka fitar ba ta da hanyar fita sai ta ƙasan wuya, don haka ita kake sake shaƙa, kuma nan ciwon kai da jiri suke farawa. Ta biyu raɓa: ka'a ko istiraha, wato zauren biki, mai sanyin AC tana sanyaya ledar idon, numfashinka mai ɗumi ya sauka a kanta, sai ta yi hazo. A Jidda, inda iska take da laima, abin ya fi tsanani idan an fita da hular waje daga ɗaki mai sanyi. Maganin da ke aiki shi ne ƙaramar fanka ta kwamfuta, mai milimita 40 da wuta bolt 5, a ɗaura ta a saman hular tana busa iska waje, a huda ramuka ƙarƙashin haɓa inda sabuwa za ta shigo. Kuskuren da aka fi yi shi ne juya fankar tana hura ciki. Zafin yana nan, ido kuma ya bushe. Ledar idon a ɗiga mata sabulun wanke-wanke ɗigo ɗaya, a shafe da ƙyalle mai laushi har ya ɓace.

Sai batun kunne, wanda masu talla ba sa ambata ko kaɗan. Babban hedifon na DJ ba ya shiga ƙarƙashin yawancin hulunan nan, idan ma ya shiga ba za ka iya zame kunne ɗaya ka saurari ɗakin ba, alhali da haka ake daidaita waƙa mai shigowa da mai fita. Dole ka koma ƙananan na cikin kunne, ka haɗa waƙoƙin biyu a kunnenka ta maɓallin da ke kan na'urar. Ana iya sabawa, amma ba a daren biki ake koyo ba.

Gani ma haka. Na'ura irin Pioneer DDJ-FLX4 tana ƙasa da ƙirjinka, allon kwamfuta yana gefe, ramin idon kuma gaba kawai yake kallo. Kafin ka ga maɓalli sai ka sunkuyar da wuya gaba ɗaya, hular ta zamo, ka sa hannu ka gyara. Wanda bai haddace wurin kowane maɓalli da yatsunsa ba, kada ya soma.

Fitilun suna da nasu lissafi. Igiyar fitila samfurin WS2812B, wadda aka fi liƙawa cikin irin waɗannan huluna, kowace ƙwaya tana iya jan miliyam 60 idan an kunna fari har ƙarshe. Mita ɗaya mai ƙwaya 60 ke nan ta kai am 3.6, ramin USB na fawa banki kuwa galibi am 2 zuwa 2.4 yake bayarwa. Shi ya sa za ka ga farin ya koma ruwan ɗorawa a ƙarshen igiyar, ko fawa bankin ya ɗauke ana tsaka da rawa. A rage hasken zuwa kashi ɗaya cikin uku, a cikin duhun ka'a ya isa har ya yi yawa. Batirin ya zauna a aljihu, waya ta bi ta cikin riga, ba a ɗaure shi kusa da ƙeya ba. Mai 10,000 mAh ya wadatar, kuma ga masu zuwa aiki Riyad ko Madina ta jirgin sama, a jakar hannu ake ɗaukarsa. Kada a bar hular a but ɗin mota da rana: gam ɗin bindiga da aka liƙa fitilun da shi yana sakewa, batir ma zafi lalata shi yake yi.

Takunkumin LED ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ba shi da nauyi, kunne a buɗe, hedifon ɗinka na kullum zai zauna daidai, kana kuma iya ɗora sunanka ko na amarya da ango a allon. Aibinsa tsagar idon siririya ce, hasken yana dawowa ciki ya kashe ido, robar ɗaurin tana saki bayan an sha gumi, kuma Bluetooth ɗin yakan yanke a ɗaki mai cike da wayoyi, don haka a loda zanukan tun daga gida. A sa siririyar hula mai tsotse gumi a ƙarƙashi, a goge soson bayan kowane aiki, in ba haka ba ƙuraje ne za su biyo baya.

Amma tambayar da ta fi duk wannan ita ce ko rufe fuskar yana gina suna. Daft Punk na Faransa, waɗanda suka rabu a 2021, da deadmau5 ɗan Kanada mai kan ɓera, da Marshmello, duk suna da waƙoƙin kansu, kuma siffar da suka sa tasu ce ba ta aro ba. Har takaddama aka yi tsakanin deadmau5 da kamfanin Disney mai ɓeran Mickey Mouse a 2014 kan rajistar kunnuwan ɓeran nan, wanda ya nuna maka alama dukiya ce da take da mai ita. Idan ka sayi kwafin hular Marshmello, yaran da ke wurin sunansa za su kira, ba naka ba. Ka biya kuɗi ka yi wa wani talla.

Sannan aikin DJ a bikin Hausawa ba irin na dandalin Banban na taron Soundstorm ba ne. Namu shi ne mai sanarwa, shi ke kiran dangin ango, ya yi wa Hajiya uwar amarya kirari ta fito fili, ya tsayar da kiɗa idan Alhaji zai yi addu'a. Duk wannan da murya da fuska ake yi. Cikin hula murya takan toshe kamar daga rijiya, idan kuma aka sa makirfo a ciki sai ta kwaso ƙugin fanka da huci. Dattijon da ya zo ya raɗa maka magana yana son ya ga wa yake yi wa ita.

Ɓangaren mata shi ne inda abin ya fi bukatar hankali. Akwai 'yan'uwa mata masu wannan sana'a da ba sa son fuskarsu ta yawo a Snapchat da TikTok, kuma hujjarsu mai ƙarfi ce. A gare su takunkumin yana da amfani na gaske wajen hoton talla. Sai dai ka'ar mata wuri ne da ake ajiye abaya, kuma babu uwar bikin da hankalinta zai kwanta da mutumin da ba a ga fuskarsa ba. A shigo fuska a buɗe, a gaisa da masu gida da mai tsaron ƙofa, a nemi izini, sannan a sa. Maza ma a bakin na'ura za su sa, ba daga wurin ajiye motoci ba.

Hukuncinmu: hular kwano ba ta dace da mai aikin biki ba, sai dai a sa ta minti 15 zuwa 20 lokacin da rawar matasa ta yi zafi, a cire. Takunkumin LED ya cancanci saye idan zanenka ne a kai, kala ɗaya da suna ɗaya da ba ka sauyawa, iri ɗaya da na katinka da shafinka. Kafin a kai shi wurin biki, a gwada shi awa guda cur a gida, fitilar ɗaki a kashe, hedifon a kunne, makirfo a hannu.