Hattara da mai tallan kwanson Tokarev a intanet

Dala 340 wani ɗan damfara ya cinye min, kuma har yanzu raina bai huce ba. 'Yan uwa mazauna Amurka masu zuwa filin atisayen harbi, musamman masu sake cika harsashi da kansu, da ku nake.

Duk mai riƙe da tsohuwar fistol ta Tokarev TT-33 ya san wahalar samun kwanson harsashinta, wato 7.62x25. Ba irin 9mm ba ne da za ka tsinta a ƙasa. Tsoffin harsasan Rasha da na gabashin Turai nau'in Berdan ne, huda biyu a gindi, sake cika su azaba ce. Kamfanin Starline da ke Sedalia a jihar Missouri suna ƙera na tagulla, amma a lokacin da na duba ya ƙare musu. Ana haka ne wannan mutumin ya bayyana a intanet, wai yana da guda dubu, sabbi fil, har da kuɗin aikawa, dala 340.

Kafin wani ya ce garaje na yi, to ba garaje ba ne. Na duba shafinsa: tsohon shafi ne, da yabon masu saye a kai. Na ce ya rubuta sunana da kwanan wata a takarda ya ɗora kan kayan, ya turo hoton. Me kuma ya rage mutum ya yi? Daga baya ne mai shafin na ainihi ya fito yana cewa an sace masa shafin. Hoton ma ashe haɗi ne.

Abin da ke ta dawo min shi ne lokacin da ya ce, "Ka tura ta Zelle, wani na jiran kayan." Zelle hanyar tura kuɗi ce kai tsaye daga banki zuwa banki. Tun kafin nan ma, ya yi min hirar bambancin harsashin Tokarev da 7.63 Mauser, wani harsashi mai kama da shi, kamar wanda ya tsufa a harkar. Wannan hirar ce ta kwantar min da hankali. Wa zai zaci ɓarawo ya san wannan? Na tura dala 340, ya ce ya gode, Allah ya kai kaya lafiya!

Lambar bin saƙon da ya ba ni ta wani kaya ce da aka kai wata jiha daban. Wannan ma sai da na yi ta kira kafin ya turo. Ya riga ya daina ɗaga waya a lokacin, don haka ta imel ya aiko. Bankina ya ce tunda da hannuna na tura, babu abin da za su yi. Na shigar da ƙara a IC3, sashen FBI mai karɓar ƙorafin laifukan intanet. Hotunan hirarmu da rasit duk suna nan, zan ɗora su a daren yau insha Allahu.

Kar ku tura wa baƙo kuɗi ta Zelle ko tsarin "abokai da dangi" na PayPal. Ku nemi kiran bidiyo, ku ga kaya a hannunsa. In ya ƙi, ku rabu da shi. Dala 340, gumina, Allah ya isa.