Zamana a Morishus da bizar Premium: ƙasa mai daɗi, ga wanda ya zo da guzurinsa

Duk wanda ya tambaye ni ko Morishus, ƙasar tsibirin nan da ke tekun Indiya, wurin zuwa ce, nakan ce masa eh, sannan in jefa masa tambaya: daga ina kuɗinka za su riƙa shigowa? Na zauna a can da iyalina da bizar da suke kira Premium, ina aikina na gina shafukan intanet wa mutanen da ke wasu ƙasashe. A kan wannan zaman zan yi magana, don na ga yadda ake yaɗa hotunan bakin teku a Facebook da TikTok ana kwaɗaita wa matasanmu tafiya, ba tare da an gaya musu sharuɗɗan ba.

Ita bizar, a 2020 gwamnatinsu ta ƙirƙiro ta, lokacin da korona ta tsayar da zuwan masu yawon buɗe ido. Ta shekara ɗaya ce, ana iya sabunta ta, kuma ba a biyan ko kwabo wajen nema. Ta intanet ake cike komai. Za a nemi fasfo, da tikitin jirgi, da shaidar masauki, da inshorar lafiya, da takardar banki mai nuna cewa dala 1,500 aƙalla na shigo maka a wata. In da yara, ana ƙara wani abu a kan kowane yaro. Babban sharaɗin shi ne kuɗin su fito daga wajen ƙasar, kuma ba ka da izinin neman aiki a cikinta. Ban ga wata ƙumbiya-ƙumbiya ba. An nemi in ƙara wata takarda, na tura, amsa ta zo ta imel. Ba wanda ya ce in ga wani, ba wanda ya nemi na goro. A wannan fannin ba ni da abin kushewa.

Tafiyar ce mai gajiyarwa. Babu jirgin da ke tashi daga Kano ko Abuja ya sauka can kai tsaye, sai an bi ta Nairobi ko Dubai ko Istanbul ko Johannesburg, kuma tikitin ba na wasa ba ne. A filin jirginsu da ke kudu maso gabashin tsibirin, mai ɗauke da sunan firaministansu na farko Seewoosagur Ramgoolam, ana tambayar adireshin masauki da tikitin komawa. Ka buga takardunka ka riƙe a hannu, kada ka dogara da waya.

Tsibirin yana cikin tekun Indiya, gabas da Madagaska, kimanin kilomita 2,000 daga gaɓar Afirka. Tsawonsa wajen kilomita 65, faɗinsa 45, mutanensa ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba. Da safe za ka iya karyawa a arewa ka yi sallar azahar a kudu. Ba teku ce ta fara burge ni ba. Wuta ce. Wanda sana'arsa ke kan kwamfuta ya san abin da nake nufi: ka zauna aiki ba ka lissafin man janareto, ba ka duba saura nawa a batiri. Intanet ma na gida yana da ƙarfi, bai taɓa kunyata ni a gaban masu ba ni aiki ba. Suna gabanmu da awa uku, don haka safiya tawa ce har mutanen Legas da Landan su tashi. Ƙasar ba ta da rundunar soja, 'yan sanda ne ke riƙe da tsaro, kuma ana tafiya daga gari zuwa gari da daddare ba a tunanin wa za a tarar a hanya. Sata dai akwai, wadda ake yi wa mai sakaci da jaka a kasuwa ko a bakin teku. Tuƙi a hannun hagu ake yi irin na Ingila, hanyoyin ƙauye kuma matsattsu ne. Akwai jirgin ƙasa na cikin gari, Metro Express, da ya fara aiki a ƙarshen 2019 kuma ya kai garin Curepipe a 2022. Shi ya fi min sauƙi in zan shiga Port Louis, babban birnin, saboda cunkoson safe da yamma yana iya cinye maka awa guda a kan tafiyar minti ashirin.

Inda na fi jin daɗi shi ne sha'anin addini, kuma nan ne na ga Morishus ta sha gaban wurare da yawa da mutanenmu ke rububin zuwa. Kusan rabin jama'ar mabiya addinin Hindu ne, sai Kiristoci, sai Musulmi da suka kai wajen kashi 17 cikin ɗari. Ana kiran salla a fili. Ƙaramar Salla ranar hutu ce ta ƙasa. Maiɗakina ta yi ta yawonta da hijabi a kasuwa da asibiti da cikin bas, ba wanda ya bi ta da kallo. Musulmi sun taɓa riƙe shugabancin ƙasar: Cassam Uteem daga 1992 zuwa 2002, da Ameenah Gurib-Fakim, masaniyar kimiyyar tsirrai, daga 2015 zuwa 2018, duk da cewa a tsarinsu ikon gudanarwa yana hannun firaminista ne. Masallacin Juma'a na Port Louis, wanda aka fara ginawa a shekarun 1850, yana tsakiyar hayaniyar kasuwa daf da unguwar 'yan Sin, amma da ka cire takalmi ka shiga farfajiyarsa sai ka ji garin ya yi nisa. Unguwar Plaine Verte kuwa ta Musulmi ce, can ake samun mahauta da masu sayar da abinci har dare.

Akwai abubuwa biyu da za su ɗan rikita Bahaushe. Mu da muka tashi muna fuskantar gabas, a can alƙibla tana arewa ne, ta ɗan karkata yamma. Sannan yawancin Musulmin 'yan asalin Indiya ne masu bin mazhabar Hanafiyya, don haka a masallatai da dama la'asar takan yi jinkiri fiye da yadda muka saba. Huɗuba da wa'azi da Kiriyol, harshen 'yan ƙasar, ake yi, wani lokaci a haɗa da Urdu. Ba ka fahimta, amma bayan an sallame za a miƙo maka hannu a tambaye ka daga ina, kuma kafin ka ankara an gayyace ka cin biryani.

Tunda na ambaci ci: halal ba abin wahala ba ne, har manyan kantuna suna rubutawa a jikin nama da kaji. Abincin titi shi ne mai araha, kuma shi ne mai daɗi. Akwai dholl puri, wata lallausar waina mai faɗi da ake yi da garin wake a naɗe miya a ciki, ana sayar da ita bibbiyu. Akwai gateau piment, wanda in ka rufe ido ka ce ƙosai ne aka ƙara masa barkono. A babbar kasuwar Port Louis ana sayar da alouda, madara mai sanyi da ƙananan 'ya'yan tsiro a ciki, yarana ba sa barin mu wuce ba a saya ba. Amma kada ka sa ran daddawa ko kuka ko gero. Kuɓewa akwai, rogo akwai, sauran sai haƙuri.

Wanda bai san tarihin tsibirin ba zai yi ta mamakin yadda aka yi Ba'indiye da baƙar fata da Basine da Bature suka zama 'yan ƙasa ɗaya. Ba kowa a cikinsa kafin zuwan Turawa. 'Yan Holan ne suka raɗa masa suna a 1598, a zamaninsu ne kuma tsuntsun nan dodo ya ƙare a duniya. Faransa ta karɓa a 1715, ta kawo bayi daga Madagaska da gabashin Afirka don noman rake, Ingila ta ƙwace a 1810. Da aka haramta bauta a 1835, sai aka koma ɗebo leburorin ƙwadago daga Indiya, kusan rabin miliyan, ta wata 'yar mashiga a tashar jiragen ruwan Port Louis da ake kira Aapravasi Ghat. Ana shiga a ga matakalar dutsen da suka taka. A can kudu maso yamma kuma akwai dutsen Le Morne, inda bayin da suka gudu suke ɓuya. Hukumar UNESCO ta sa wuraren biyu cikin kayan tarihin duniya, na farko a 2006, na biyu a 2008. Na fi son su a kan duk wani otal. Ƙasar ta samu 'yanci a 1968, amma tabon bai goge duka ba: in ka lura da waɗanda ke zaune a unguwannin marasa galihu, jikokin bayin nan sun fi yawa, su ma 'yan ƙasar suna faɗa da bakinsu.

Yawon shaƙatawa ba sai na tsawaita ba, hotunan ba ƙarya suke ba. Ruwan Blue Bay da Belle Mare garau yake, turɓaya mai launi bakwai ta ƙauyen Chamarel tana nan, lambun Pamplemousses ya cancanci yini guda. Akwai bakin teku na jama'a da ake shiga kyauta, ranar Lahadi iyalai kan cika shi da tukwanen abinci da kiɗan sega. Mai kunya ya je da sassafe, ko ya zaɓi inda 'yan ƙasa ke zuwa, don shigar Turawa a Grand Baie da Flic en Flac sai a kau da kai.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Tsibiri ne, shinkafa da fulawa da mai da yawancin nama duk jirgin ruwa ke kawo su, kuma farashin kanti yana nuna haka. Hayar gida a bakin teku da kuɗin Bature ake yanka ta. Mu sai muka koma tsakiyar tsibirin, wajen Quatre Bornes, inda haya ta fi sauƙi. Can sama a Curepipe ta ƙara sauƙi, amma ruwan sama da danshi ba sa ɗagawa, kaya har fumfuna suke yi a cikin kwaba. Mai gidan da muka kama ya ja mana rai wajen mayar da kuɗin ajiya, don haka duk abin da kuka yi da mai gida a rubuta shi, a ɗauki hoton ɗakuna ranar shiga. In ruwan sama ya yi ƙaranci akan rage sakin na famfo, gidan da ba tanki kada ka karɓa. Karnukan da ba su da masu su sun yi yawa a tituna, mai fita asuba ya sani. Gari kuma da wuri yake kwanciya: shaguna na rufewa da yamma, bas na ɗaukewa da wuri, Lahadi da rana komai tsit. Daga Nuwamba zuwa Afrilu lokacin guguwar teku ne. Gargaɗinsu mataki huɗu ne, a na biyu ake rufe makarantu, a na uku kowa ya koma gida. A Janairun 2024 guguwar Belal ta sa ambaliya ta kwashi motoci a tsakiyar Port Louis.

Ga mai son karatu, akwai Jami'ar Morishus a Réduit, da reshen jami'ar Middlesex ta Ingila, da na Curtin ta Ostireliya, da kwalejin African Leadership da aka buɗe a 2015, wadda ke tara ɗalibai daga sassan Afirka. Da Turanci ake koyarwa, ba yajin aiki na wata da watanni, kuma a reshen jami'ar waje yaro zai fito da takardar uwar jami'ar a kuɗin da bai kai na zama a Landan ba. Doka ta yarda ɗalibin waje ya yi aikin awa 20 a mako. Ɗaliban Najeriya da na zanta da su sun ce min wannan aikin na kuɗin bas da abinci ne, ba ya biyan kuɗin makaranta, kuma wanda ba ya jin Faransanci yakan sha wuya kafin ya samu. Nan 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram suka fi mu sa'a, don jaridu da rediyo yawanci da Faransanci suke, Kiriyol ɗin da ake yi a titi kuma daga Faransanci ya samo yawancin kalmominsa.

Kasuwanci ma sai an bambance. Harajin kamfani kashi 15 cikin ɗari ne, rajista ba ta ɗaukar lokaci, kuma a rahoton Bankin Duniya na sauƙin kasuwanci na 2020 ƙasar ce ta 13 a duniya, ta farko a Afirka. Shi ya sa dogayen gine-ginen unguwar ofisoshi ta Ebène suka cika da kamfanonin da ke zuba jari a wasu ƙasashen Afirka amma ofishinsu na nan. Sai dai tun da aka sa ƙasar cikin jerin waɗanda ake sa wa ido kan halatta kuɗin haram a 2020, aka cire ta a 2021, bankunansu sun tsananta bincike. Za a tambaye ka asalin kowace dala, da takarda. Alhajin da ya saba cinikin amana da baki zai ga abin kamar tozarci, alhali haka suke yi wa kowa. Wanda kuma ke tunanin kai kaya ya buɗe shago, ya tuna yawan mutanen, kuma 'yan asalin Indiya da Sin sun riƙe kasuwar tun kakanni. Gida ma baƙo ba ya saya a ko'ina, sai a ayyukan da gwamnati ta amince da su, kuma sai kuɗin gidan ya kai dala 375,000 yake zuwa da izinin zama.

Ci-rani kuwa, ban ga hanyarsa ba. Masaƙu da wuraren gini suna ɗaukar baƙi, amma kamfani ne ke ɗebo su da izinin aiki tun daga ƙasashensu, galibi Bangaladash da Indiya da Nepal da Madagaska. Duk dillalin da ya ce ka sayar da fili ka shiga a matsayin ɗan yawon buɗe ido, wai in ka isa za a sama maka aiki, kuɗinka yake so. Kwanakin da ake ba mai fasfon Najeriya a filin jirgi kaɗan ne, kuma a tsibiri ba iyakar da za ka tsallaka in sun ƙare.

Mu ba mu sabunta bizar ba, kuma ba don ƙasar ta yi mana laifi ba. Nisa ne. Iyaye sun manyanta, in aka kira ka da daddare aka ce jikin Baba ya tashi, sai ka nemi jirgin da zai kai ka wata ƙasa tukuna, ka kwana a hanya, sannan ka kama hanyar gida. In Allah ya sa za mu sake zuwa, hutu za mu je, tsakanin Satumba da Oktoba, sanyi ya wuce kuma guguwa ba ta fara ba.