Rolleinar ko Portra: Wanne Mai Tara Kayan Tsofaffin Kyamarori Zai Fara Saya?

Masu tara kayan tsofaffin kyamarorin fim suna yawan tambayata wane gilashin ɗaukar hoto daga kusa ya kamata su fara nema. Rolleinar na Jamus, wanda aka yi domin Rolleiflex, kyamara mai ido biyu (na sama na dubawa, na ƙasa na ɗaukar hoto), ya fi tsada, amma gilashi biyu ne, kuma na saman yana karkatar da gani ƙasa, ta yadda abin da ka hango a Rolleiflex shi ne zai hau fim. Gilashin Portra na kamfanin Kodak kuwa araha ne, sai dai a yawancin kyamarorin da aka yi shi dominsu dole ka auna nisan abin da za ka ɗauka da tef, in ka kuskure kaɗan hoton ya dushe. Mai Rolleiflex da ke son aiki ya nemi Rolleinar. Mai ƙaramin ƙarfi da haƙurin awo, Portra ya ishe shi.