MCP Inspector: yana gwada kayan aiki, amma bai san bayani mai kyau ba

Duk mai rubuta sabar MCP (Model Context Protocol), tsarin da Anthropic ta fitar a watan Nuwamba 2024 don haɗa wakilan ƙirƙirarriyar basira da kayan aiki na waje, zai ci karo da MCP Inspector, manhajar gwada irin wannan sabar. Kyauta ne, kuma aikinsa na gwaji yana yin sa yadda ya kamata. Amma in buƙatarka ita ce ka san ko bayanin da ka rubuta wa kowane kayan aiki zai wadatar da wakili, rabin hanya kawai zai raka ka.

Tayar da shi ba wuya. Da Node.js a kwamfutarka, sai ka rubuta `npx @modelcontextprotocol/inspector node build/index.js`, shafi ya buɗe a burauza a `localhost:6274`. Ka danna Connect, ka shiga Tools, ka danna List Tools. Kada ka yi aiki da sigar da ta gaza 0.14.1: tsofaffin suna da ɓaraka da aka gano a 2025, wadda ke bai wa wani shafin intanet damar gudanar da umarni a kwamfutarka.

Amfaninsa mafi girma shi ne yana nuna maka abin da sabar ta aiko, ba abin da kake zaton ka rubuta ba. Wakili ba ya ganin shirin da ke ƙarƙashi. Suna, bayani da `inputSchema` (tsarin guraben da ake cikewa in za a kira kayan aikin) su ne iyakar abin da ya sani game da kayan aikinka. A nan ne za ka ga gurbin da aka bari ba bayani, ko wanda dole ne a cike amma ba ya cikin `required`, ko wanda zaɓinsa uku ne kacal amma aka bar shi a buɗe maimakon a ɗaure shi da `enum`. Akwai kuma yanayin `--cli` tare da `--method tools/list`, wanda ke zubo jerin duka a JSON. Wannan ya fi shafin burauza daraja. Ka adana fitowar a Git, duk canjin bayani zai bayyana, har na sabar wani da kake dogaro da ita. Abin ba wasa ba ne tun da Invariant Labs, masu binciken tsaron ƙirƙirarriyar basira, ta nuna a watan Afrilu 2025 cewa ana iya ɓoye umarnin cuta a cikin bayanin kayan aiki, wakili ya karanta ya bi, mai amfani bai gani ba.

Inda Inspector ya gaza kuwa, babu wakili a cikinsa. Kai ne kake zaɓar kayan aikin, kai ne kake cike fom, kuma ka riga ka san abin da kake nufi. Ɗauki kayan aikin biyan kuɗi mai gurbin `amount` da bayanin "adadin kuɗi". Paystack, hanyar biyan kuɗi ta intanet, misali, da kobo take karɓar adadi. Kai da ka sani za ka rubuta 500000, ka ga naira 5,000 ta wuce, ka ce lafiya lau. Wakilin da aka ce wa ya biya dubu biyar zai aika 5000, wato naira 50, kuma ba wani kuskure da zai fito, domin lamba ce ingantacciya. Inspector ba zai taɓa nuna maka wannan ba. Gyaran jimla ɗaya ce a bayanin gurbin: adadi da kobo, naira 5,000 ita ce 500000. Haka kwanan wata yake, in ba a faɗi tsarinsa ba 03/04 na iya zama Maris ko Afrilu.

Inspector bai kuma san kishiya ba, wato kayan aiki biyu masu kama da juna. In sabar tana da `search_orders` da `list_orders`, kowanne zai ci gwajinsa shi kaɗai, alhali wakili yana ganinsu gefe da gefe ne, kuma in bayanin bai ce ga lokacin amfani da wannan, ga lokacin barinsa a ɗauki wancan ba, canki-canka zai yi. Takardun Anthropic suna ba da shawarar aƙalla jimla uku zuwa huɗu ga kowane bayani, amma Inspector ba zai ce uffan ba ko da kalma biyu ka rubuta. Alamomi irin su `readOnlyHint` (karatu kawai) da `destructiveHint` (yana iya goge bayanai) ma iƙirarin marubuci ne kawai. Ba wanda ke tabbatar da cewa abin da aka ce karatu kawai yake yi ba ya goge komai.

Akwai abu guda da Inspector yake iya yi wanda yawanci ake tsallakewa, wato gwada saƙon kuskure. Ka aika lambar oda da babu ita, ka karanta amsar. In "Error 500" ce kawai, wakili zai yi ta maimaita kira ɗaya. In ta ce ba a sami odar ba, a nemo lambar da `search_orders`, to zai gyara da kansa.

Saboda haka a ɗauki Inspector a matakin farko, a ƙara na biyu da hannu. Ka rubuta buƙatu ashirin zuwa talatin yadda mutane ke magana, har da waɗanda bai kamata a kira kowane kayan aiki a kansu ba, ka rubuta kiran da kake tsammani ga kowacce. Ka haɗa sabar da wakili na gaske, ka gudanar da kowace buƙata sau uku ko fiye tun da amsarsa na sauyawa, sannan ka duba abin da ya zaɓa da abin da ya zuba a gurabe. In za ka gyara, bayani ɗaya kake taɓawa kafin ka sake gudanar da jerin duka, domin gyaran `list_orders` na iya janye kiran da a da `search_orders` ke samu.