Fim ɗin Timbuktu: inda ya yi kyau, inda ya rage, da yadda za a kalle shi

Timbuktu ya fito a 2014, gidajen sinima kuwa sai a 2018 aka sake buɗe su a Saudiyya, don haka Bahaushen Jidda ko Makka da ke son ganinsa, a gida zai gan shi. Tsawonsa minti 96 ne. Abderrahmane Sissako, ɗan Mauritaniya, shi ya ba da umarni, kuma a garin Walata na ƙasarsu ya ɗauka, domin a lokacin babu tsaro a arewacin Mali.

Labarin kan mamayar da 'yan bindiga masu iƙirarin jihadi suka yi wa garin Timbuktu na arewacin Mali ne a 2012. Sun hana waƙa, sun hana ƙwallo da sigari, sun ce mai sayar da kifi ma ta sa safar hannu. A wajen gari akwai Kidane, Buzu makiyayi, da matarsa da 'yarsu. Wani masunci ya kashe masa saniya, rigima ta kai ga Kidane ya kashe masuncin, aka ɗora masa diyyar shanu 40 alhali 7 suka rage masa.

Amma ƙashin bayan fim ɗin limamin gari ne. Bai ɗaga murya ba, bai ɗauki makami ba. 'Yan bindigar sun shigo masallaci da takalma da bindigogi ana cikin ibada, ya ce su fita, suka fita. Daga baya ya zauna da manyansu yana tambayarsu ina sassauci, ina yafiya, a kan wace hujja aka ɗaura wa yarinya aure ba da yardar iyayenta ba. Da addinin da suke iƙirari yake tuhumarsu, kuma mai ɗan karatun fiƙihu zai fi Bature jin nauyin wannan zama.

Turai ta karɓi fim ɗin hannu bibbiyu. Ya samu kyaututtuka a gefen bikin fina-finai na Cannes na 2014, ya kwashe kambun César 7 a Faransa a 2015, ya kuma shiga takarar Oscar. Sai dai ba kowa ya tafa ba. Wasu masana yankin Sahel sun ce tatsuniya ce aka tsara don idon Turawa: hoto ya yi kyau fiye da ƙima, an nuna Buzaye a matsayin waɗanda aka zalunta kawai, an tsallake rawar da 'yan tawayen Buzaye na ƙungiyar MNLA suka taka wajen faɗuwar garin. Wannan suka tana da gaskiya a cikinta. Wanda yake neman tarihin rikicin Mali ba zai same shi a nan ba. Akwai kuma masu cewa Sissako mashawarcin shugaban Mauritaniya ne a lokacin. Wannan ba ya ƙara wa fim ko rage masa komai a allo.

Kada a kalle shi a waya. Bayan faɗan Kidane da masunci, kyamara tana tsayawa daga nesa tsawon lokaci, mutum biyu kamar ɗigo a faɗin kogi. A ƙaramin allo ba za a gane wa ya faɗi wa ya tsaya ba. Haka wurin da yara ke buga ƙwallo babu ƙwallon.

A nemi kwafin fim ɗin mai fassara a rubuce, ta Larabci ga wanda ya fi saba da ita. Ana Buzanci, Bambaranci, Larabci, Faransanci da ɗan Turanci, kuma shari'ar Kidane kanta da tafinta aka yi ta. Jin Larabci kaɗai ba zai wadatar ba.

Akwai bulala da jefewa, gajeru ne amma suna da nauyi, ba na ƙananan yara ba ne. Wanda kuma ya saba da fim mai waƙa da rawa ko mai gudu da harbi, minti 20 na farko za su gajiyar da shi. Saniyar ce ke tada labarin, sai a jira ta.